Sirrin Jamus na Sallau Murɗa-Ɗaya

Duk wanda ya taɓa kawo mota garejinmu na Bakin Kwalbati ya san Sallau Murɗa-Ɗaya. In bai ga fuskarsa ba, to ya ji muryarsa, don Sallau ko gaisuwa zai yi sai an jiyo daga tsallaken titi. Gyaran wayar mota yake yi, amma abin da ya fi cika baki a kai shi ne kik, abin nan da ke juya inji idan an murɗa makulli. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa. Wai duk motar da ya taɓa kik ɗinta, murɗawa ɗaya ce ta tashi.

"Ni fa ba na buɗe bonet," in ji shi. "Ka murɗa makulli daga can unguwar Kurna ina nan zaune, in gaya maka ciwonta."

Ya ce ya taɓa tayar da tirela da batirin tocila. Ya ce wani Bature ya taɓa zuwa takanas don ya tafi da shi, tsohuwarsa ce ta yi kuka ya fasa. Kuma duk ƙaryar nan da yake shararawa, akwai wani shashasha a gefensa da ke gyaɗa kai yana cewa, "Ƙwarai kuwa, a gabana aka yi." To, shashashan nan ni ne, Tanimu mai faci. Ku riƙe dariyarku, ba a zo wurin ba tukuna.

Kada ku ga laifina da yawa. Rumfar bakin ƙofa a hannun Sallau take, ita ce ke ƙarƙashin darbejiya, kuma duk motar da ta shigo gareji nan take fara tsayawa. A kusurwar rumfar ya ba ni wuri na ajiye injin iskata da bahon ruwa. Inuwarsa nake sha, cinikinsa nake lasa, to me zai hana ni yi masa amshi? Can ƙarshen gareji kuwa, bakin kwata, inda ko ƙuda sai ya toshe hanci, nan Barau yake. Shi ma gyaran waya yake yi, shi ma bakinsa ba ya rufuwa, kuma ya daɗe yana hararar rumfar nan.

Wata rana da hantsi sai ga wata jar mota ana turo ta. Ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta har yana shafar ƙasa. Nan take muka sa mata suna Ƙadangaruwa. Mai ita wani yaro ne ɗan masu hali, Mubasshir, cikin samarin nan masu wasan mota, waɗanda ke murza taya a fili har hayaƙi ya turnuƙe. Ya cire mata injinta na asali, ya dasa mata na wata ƙatuwar jif, ya sa mata salansa mai faɗin bakin tulu. Inji ya zauna daram. Amma kik ɗin motar ya ce shi fa ba da shi aka yi wannan yarjejeniya ba. In an murɗa makulli sai ya yi nishi, uuu... uuu... ya yi shiru.

"Asabar akwai wasa," in ji Mubasshir. "Duk wanda ya tayar mini da ita, abokaina kaf wurinsa za su riƙa kawo motocinsu."

Kafin ya rufe baki Barau ya iso da gudu, riƙe da wani ɗan mitsitsin kik na Beljiyam. Sallau kuwa ya zagaya bayan gareji, ya kwanto wani jibgege daga jikin wata matacciyar bas da kaji suka daɗe suna ƙwai a cikinta. Aka shimfiɗa buhu aka jera su uku: na motar, na Barau, da na Sallau. Gareji ya taru.

Sallau ya ɗauki na motar, ya sunsuna, ya girgiza shi a kunne.

"Wannan ya tsufa, a kai shi fansho."

Ya ɗaga na Barau da yatsa biyu.

"Wannan kuma ɗan tsakon wa ne? Barau, fitila za mu kunna ko inji za mu juya?"

"Giya gare shi a ciki," in ji Barau. "A hankali yake juyawa, amma da ƙarfi. Irinsa babban inji ke so. Kuma ga salansa ta bi ta gefen, naka in ya shiga jikinta zai manne, ya gasu."

"Ji ɗan makaranta! A kawo batir!"

Aka kawo. Aka jona na Barau, ya yi ƙirrr, a natse. Aka jona na Sallau, ya yi wuuuu, ya yi tsalle daga kan buhu ya kusa karya wa wani mai kallo ƙafa. Wuri ya ɗauki shewa. Ni na fi kowa.

"A kan buhu ko fanka ma juyawa take yi," in ji Barau.

Daga nan sai zage-zage. Wannan ya taɓo kakan wancan, wancan ya taɓo garinsu wannan, har sai da Ciyaman Hudu, shugaban gareji, ya taso daga kujerarsa. Ciyaman mutum ne mai jiki, in ya taso to magana ta kai magana.

"Ku yi mana shiru. Sallau, za ka iya ko ba za ka iya ba?"

Sallau ya daki ƙirji. "Ciyaman, ranar Juma'a bayan an sauko, a gaban kowa. In ba ta tashi da murɗawa ɗaya ba, wallahi na bar wa Barau rumfar nan, ni in koma bakin kwata!"

Rumfar da nake ci a cikinta ce fa aka ɗora a faranti. Zuciyata na cewa, Tanimu, hana shi. Amma bakin nan nawa da ya saba, sai na ji yana cewa, "Ƙwarai kuwa!"

Muka tura Ƙadangaruwa bayan rumfa, muka zagaye ta da tamfol, wai kada a saci fasaha. Sallau ya goge nan, ya huda can, ya yi ta fama har jibgegen kik ya shige, ya manne da salansa kamar yadda Barau ya faɗa. Aka murɗa. Vuuum! Ta tashi. Muka rungume juna. Muka zaga gari muka dawo, aka kashe, aka sake murɗawa.

Ƙas.

Aka sake. Ƙas.

"Hutawa yake," in ji Sallau.

Da ya gama hutawa bai tashi ba, sai aka kwance shi aka buɗe. Burushin ciki, 'yan gawayin nan masu kai wuta, duk sun cinye, ga zafi ya gasa su. Sallau na cikin tona su da sukudireba sai wani ɗan sifirin ya yi fit, ya tashi sama, ba mu ƙara ganinsa ba har yau. Ya zare biro daga aljihuna, ya ciro sifirin ɗinsa ya cusa a wurin.

"Oga Sallau, mu je mu sayo sabon burushi mana," na ce.

"A wurin wa? Mai kayan gyaran nan surukin Barau ne. Kafin in dawo gareji labari ya riga ni."

"To mu lallaɓa mu nemo irin ƙaramin nan."

Kallon da ya yi mini sai da na nemi gafara.

Aka mayar da kik. Ƙas. Sai ya ce in shiga ƙarƙashi in ɗan ƙwanƙwasa shi da sifana yayin da yake murɗawa. Kun san dabarar, kowane direban tsohuwar mota ya san ta. Na kwanta a ƙasa, na ba shi ƙwas. Vuuum!

"Ka gani ko?" in ji Sallau. "Lafiyarsa lau. Gaisuwa kawai yake so."

"To ranar Juma'a a ƙarƙashin motar zan kwana?"

Ya shiga shafa gashin baki. Duk lokacin da Sallau ya shafa gashin baki, wani zai shiga uku, kuma yawanci ni ne. Kik ɗin yana daidai gaban ƙafar mai zaman gefe. Sai ya ɗaga kafet ya huda ƙasan motar, ya ce za mu zura wani abu ta ramin, mu ɗora ɗan katako a kai, mu mayar da kafet. Wanda ke zaune a gefe in ya taka, abin ya daki kik. Ni kuma na yanko robar tiyub na ɗaure yadda zai riƙa dawowa da kansa. Har wani daɗi na ji wai ni ma na yi fasaha.

Da farko rodi muka zura. Ina takawa ya taɓa wayar batir. Fau! Wuta ta yi tartsatsi, rabin gashin bakin Sallau ya tafi. Ya fito yana warin ƙonannen kan akuya.

"Ƙarfe ba zai yi ba," ya ce yana tofar da yawu. "Itace ake so. Mai nauyi, mai tauri, wanda ba ya tsagewa." Sai ya juyo ya ƙura mini ido. "Tanimu, taɓaryar matarka ta ƙirya ce ko?"

Matata Lantana ita ke sayar da shinkafa da wake a garejin. Yajinta ne ke sa direbobi su baro tasha su zo. Kuma ta yi imani cewa albarkar yajin a taɓaryar take, wadda tsohuwarta ta sayo mata lokacin aurenmu, har da ɗan zanen wuta a wuyanta don kada ta ɓata a gidan biki.

"Aro za mu yi," in ji Sallau. "Ana gama gwaji in na ci rumfa, sai in canza kik a ɓoye, ka mayar mata da abarta."

Na sato ta da sassafe cikin buhun tiyub. Na miƙa masa, na juya in sha ruwa, sai na ji ƙurr-ƙurr-ƙurr. Zarto! Kafin in yi ihu ya raba ta biyu.

"Ta yi tsawo," ya ce.

Wallahi sai da na zauna a ƙasa.

Da na koma gida na tarar unguwa a tsaye. Lantana ta shiga gida-gida, ta zazzage ɗakin girkin maƙwabta, ta yi faɗa da matar mai gidan haya. Tana ganina ta fashe da kuka.

"Malam, an sace mini taɓarya! A cikin gidan nan!"

"Inna lillahi! Wane marar tsoron Allah ne?"

Ta ɗaga hannu sama. "Duk wanda ya ɗauke ta, ƙafar da ya taka ya shigo da ita, Allah ya kumbura ta!"

Mata suka ce amin. Na ga in na yi shiru za a zarge ni. Sai na buɗe murya na ce, "Amin ya Rabbi! Ta kumbura ta yi suntum!" Har Lantana ta dube ni da tausayi, ta ce ita dai ta yi sa'ar miji.

Abu kuwa ya yi aiki, ba a magana. Sallau zai ɗaga makulli sama kowa ya gani, ya zura, ya yi gyaran murya. Gyaran muryar ita ce alama. Ni kuma in yi tari mai ƙarfi in sauke diddige. Dum! Vuuum! Muka riƙa zaga gari muna tsayawa a duk inda mutane suka taru, mu kashe, mu tayar. Wurin mai shayi, bakin tasha, ƙofar gidan su wata bazawara da Sallau ke nema. Mubasshir ya leƙo ya gani da idonsa, ya rasa inda zai sa kansa don murna.

"Oga Sallau, me ka yi mata haka?"

Sallau ya rage murya, yadda duk gareji za su ji. "Wani sirri na sa mata, yallaɓai. Daga Jamus aka aiko mini. Guda biyu ne a duniya, ɗayan yana jikin motar shugaban ƙasarsu."

"Shi kuma wannan me yake yi kullum a ciki?"

"Tanimu? Taya yake saurara. Kunnensa na'ura ne."

Na gyaɗa kai kamar likita.

Sai dai ƙirya ba ta san wasa ba. Kullum kik ɗin ƙara taurin kai yake, kullum sai na ƙara ƙarfin taku. Kafin Alhamis diddigena na dama ya haye, ya yi suntum, takalmi ya ƙi shiga. Na ce wa Lantana jak ne ya faɗo mini. Baiwar Allah ta dafa ruwa ta gasa mini, ta shafa man zafi, tana yi tana tsine wa jak.

Juma'a aka sauko daga masallaci, gareji ya cika maƙil. Mubasshir ya zo da abokansa, kowanne da tabarau. Barau ya zo har da igiyar auna rumfa, don cin fuska. Lantana ta kafa tukunyarta a gefe, ciniki ya buɗe. Sallau ya sha sabuwar shadda, ya aske sauran rabin gashin bakin. Ni kuma na ɗingisa na kama ƙofar gefe zan shiga.

"Kai, ina za ka?" in ji Ciyaman.

"Taya zan saurara, ranka ya daɗe."

"Motar da ke tsaye? Matsa. Ni ne alƙali, ni zan zauna in ga murɗawar da idona."

Na dubi Sallau. Sallau ya dubi sama. Kujera biyu ce a motar, ba ta uku. Aka taru aka tura Ciyaman ciki da ƙyar, gwiwoyinsa har suna taɓa haɓarsa, ƙafafunsa kuwa ya ajiye su a hankali a kan kafet, kamar mai tsoron ɓata kayan mutane.

Sallau ya ɗaga makulli. Ya zura. Ya yi gyaran murya. Ni da ke tsaye a waje, don sabo, sai na yi tari na daki ƙasa da kumburarren diddige. Wayyo Allah! Na ga taurari da rana tsaka.

Sallau bai murɗa ba.

"Ciyaman, ka ɗan miƙe ƙafa mana, ka sake."

"Na sake haka. Murɗa."

"Ba ka jin wani kiɗa-kiɗa a ranka? Ka ɗan taka..."

"Sallau, ni sa'anka ne? Murɗa!"

Barau ya fara warware igiyarsa. Sai na ga Sallau ya kai hannu inda gashin baki yake a da. Ya zaro ido, ya nuna ƙasa, ya kurma ihu:

"Ciyaman, kunama! Kunama a ƙafarka!"

Jama'a, ban taɓa sanin mai jiki yana da sauri haka ba. Dum! Dum! Dum! Ciyaman ya shiga surfe da ƙafa biyu yana salati. Sallau ya murɗa. Vuuuum! Ƙadangaruwa ta ɗauka, salansa ta yi aman wuta, gareji ya kaure da ihu. "Murɗa-Ɗaya! Murɗa-Ɗaya!" Na manta da ciwo na yi tsalle. Rumfa ta tsira!

Da ma a nan aka tsaya. Sai Barau ya kutso yana ɗaga hannu.

"A kashe a sake! Amma a bari ta ɗau zafi tukuna. Mota a filin wasa sau nawa take mutuwa?"

"Gaskiya ne," in ji Mubasshir. "Oga Sallau, ƙara mana ɗaya, abokaina su ɗauka a waya."

Aka bar ta ta yi zafi, aka kashe. Wayoyi suka tashi sama. Sallau ya waiga gefensa. Me zai gani? Ciyaman ya naɗe ƙafafunsa duka biyu ya ɗora a kan dashbod, ya rungume gwiwa, yana leƙen ƙasa.

"Ciyaman, sauke ƙafa, ai ta tafi."

"Ka ga fitarta?"

"Ta mutu, ka take ta."

"Ina gawar?"

Sallau ya murɗa. Ƙas. Ya sake. Ƙas. Wuri ya yi tsit, har ana jin tafasar waken Lantana.

"Ciyaman, ga ta can ta dawo! Taka ta!"

"In taka ta? Da ƙafar wa? Kai, ku fitar da ni! Ku ɗaga kafet ɗin nan a nemo ta, kada ta harbi yaron mutane!"

Aka jawo Ciyaman waje kamar ana zare toshiya. Na fara ja da baya, amma ina mai ɗingishi zai je? Barau da kansa ya sa filaya ya ɗage kafet, kowa ya ja baya ana jiran kunama. Sai ga ɗan katako. Ya ɗaga katako, sai ga robar tiyub, ɗaurin da duk garejin sun san na wane ne. Ya ja, ya ja, sai ga guntun itace ya fito zololo, bakinsa ya yi baƙi da man inji.

Ciyaman ya karɓa. Ya juya shi, ya leƙa ramin, ya hango kik, ya dubi ƙafafunsa. A hankali abin ya shige shi.

"Wato ni ka mayar ɗan daka, Sallau? Da girmana?" Ya ɗaga itacen sama. "Jama'a, ga sirrin Jamus. Guda biyu ne a duniya!"

Sallau, Allah ya ba shi taurin rai, bai saduda ba. "Ciyaman, ai itacen ne na Jamus. Wani irin icce ne da suke..."

"Jamus ɗin gidanku!"

Muryar ta fito ne daga bayan taro. Mutane suka dare. Lantana ce, da ludayi a hannu. Ta fizge guntun daga hannun Ciyaman, ta goge wuyansa da gefen zani, zanen wutar nan ya fito raɗau.

"Kasuwar Ɗanbatta! Nan uwata ta sayo ta! Ina sauran rabin?"

"Yana jikin motar shugaban ƙasarsu," in ji wani daga cikin masu tabarau.

Kai! Gareji ya kife. Wani ya faɗa cikin bahona don dariya. Barau ko dariyar bai tsaya yi ba, ya wuce ya fara auna rumfa, yana cewa a kwashe masa wannan tarkacen injin iskar. Sallau na zaune a motar riƙe da makulli, an rasa mai buɗe masa ƙofa.

Ni kuwa na lallaɓa na kusa kai bakin titi, ina jan ƙafa, sai na ji an ce, "Malam."

Na tsaya. Ta tako har gabana, guntun taɓarya a hannu. Ba ta dubi fuskata ba. Ƙafar ta duba, wadda ta gasa da hannunta, ta shafa wa man zafi.

"Jak ko?"

Na buɗe baki, ko "ƙwarai kuwa" ta ƙi fitowa.

"Ni dai roƙo na yi ta kumbura," ta ce, yadda kowa zai ji. "Suntum ɗin kai ka ƙara da bakinka."